Zanen Gidan Tari

Daren da aka kawo Nomau daga Ɗan Isa
a bayan a-kori-kura, kwance kan buhunan wofi,
ni ke aikin dare.
Ƙirjinsa na kuka kamar zugazugin maƙera.
Gado na bakwai, kusa da taga.
Kwana huɗu ya yi mana, ya tafi.

Kafin a yi sadakar bakwai
tari ya haura katanga.
Mutum uku a ɗakin maza,
biyu a ɗakin masu jego,
sai jaririyar Habsu, ko suna ba ta kai ba,
tana jan numfashi kamar mai jan guga a rijiyar rani.

Muka ce tsohon nan ne,
shi ya tsallako mana da ita daga iyaka.
Mai shara ta faɗa, mai gadi ya faɗa,
ni ma na faɗa, ina hura shayi.
Matacce dai ba ya musu.

Sai ga Laminu na ɗakin awo da tsinkayen auduga,
hanci bayan hanci, har namu na ma'aikata.
Ya jera kwalabe cikin ƙanƙara,
motar asuba ta wuce da su Yamai.
Ya ce ƙwayar nan rubutu ce, haruffa huɗu kacal,
tana kwafar kanta kamar mai kwafar littafi da gyangyaɗi.
Alƙalami ya zame sau ɗaya,
duk wanda ya kwafa daga nan ya gaji zamewar.
Da haka ake gane ɗa, a gane jika,
yadda kike duban kunci a kasuwa
ki ce wannan Bagobiri ne, wancan Bakatsine.

Mako uku. Gulbi ya cika ya batse.
Takarda ta dawo da hoton itace,
rassa ba ganye, sai lambobi.

Na Nomau can gefe, reshe guda,
ba ɗa, ba jika.
Da abarsa ya zo, da abarsa aka rufe shi.

Sauran kuwa gidansu ɗaya, zanensu ɗaya,
kuma a gindi, inda reshen ya rabu,
hannu ɗaya ɗakin maza, ɗaya ɗakin jego,
lamba goma sha tara.

Na san goma sha tara.
Ni na rubuta ta a jikin kwalba,
idona na ƙwalla don tsinken ya shige da nisa.

Laminu ya ce, Tsahara, kada ki ɗauka duka.
Itace dangi yake nunawa, ba ya cewa wa ya ba wa.
Wataƙila karɓa kika yi,
wataƙila akwai hancin da ba mu auna ba.
Na ce na ji.
Amma na tuna murar da na ɗora wa dukan ruwa,
makon da mu biyu ke riƙe da gado arba'in.
Na tuna ɗakin shayi, ba taga,
kowa takunkumi a haɓa,
kofi ɗaya na zagaya baki shida.
Na tuna na sunkuya kan jaririyar Habsu
ina gyara mata zane.

Ta rayu. An raɗa mata Baraka.
Gado na uku a ɗakin maza bai tashi ba.

An fasa bango yanzu, ɗakin shayi na shan iska.
Mai mura ya zauna gida,
ko da majo zai yi ta faɗa.

Jiya na hau mota zuwa Ɗan Isa.
Na sami ɗansa a gona, gero ya kai masa kafaɗa.
Na ce, babanku bai ba kowa ciwo ba.
Ya jingina hauya, ya dube ni.
Ya ce, dā wa ya ce ya ba?

Ban amsa ba.
Ya miƙo mini ruwa a moɗa.
Na sha, na riƙe ta a hannu,
ina neman inda zan wanke.